Na tsinci memori biyu a akwatin Yaya, wa ya san wannan gem ɗin?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, amma sai na ɗan yi shimfiɗa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ranar Asabar Hajiyarmu ta sa ni na sauko da akwatin ƙarfen yayana, Allah ya jiƙansa, wanda tun rasuwarsa a 2011 ba wanda ya iya buɗewa. Ta ce a fitar da tufafin a bayar sadaka. A can ƙasan akwatin, cikin wata tsohuwar safa, na tarar da memori biyu, irin katin da ake ajiye wasan gem a ciki. Ɗaya baƙi na PlayStation 2 (PS2) mai 8MB, ɗaya ruwan toka na PS1. Kowanne ya liƙa masa takarda da salatif. A jikin baƙin ya rubuta PES 6, wannan ban yi mamaki ba, don duk gidajen gem na Fagge sun san hannunsa a ƙwallo. A jikin na tokan kuwa cewa ya yi: gona, kar a taɓa.

Ina ganin rubutun sai wani abu ya dawo mini. Ina ɗan shekara goma sha biyu, ɗakinmu ɗaya a soro. Nakan farka tsakar dare in gan shi zaune dab da talabijin, ya kashe murya, yana juya wani ɗan mutum mai shuɗiyar hula da fartanya. Ya yi ban-ruwa, ya shiga wajen shanu, daga nan ya tsinki fure ya ruga cikin gari ya kai wa wata yarinya a asibiti. Kullum haka. In na tambaye shi sai ya ce in koma in kwanta.

To wane gem ne wannan? Kuma me zai sa saurayi irin Yaya, wanda da rana ba ya buga komai sai ƙwallo da Mortal Kombat, ya riƙa tashi da dare yana noma da kai wa budurwar talabijin fure? Na uku, bayan wannan shekaru, abin da ke cikin memorin zai buɗe kuwa?

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta. Gem ɗin da ka kwatanta Harvest Moon: Back to Nature ne, ba ko tantama. A Japan ya fito a 1999, na Turancinsa ya biyo baya a 2000. Kai jikan wani tsoho ne da ya rasu ya bar gona ta zama saura, mutanen gari suka ba ka shekara uku ka raya ta, in ka kasa ka tattara naka ya naka. Yarinyar asibitin sunanta Elli, ita ce mai taimaka wa likita. Tana da kaka da ba ta iya tafiya, kullum tana kan kujera a gida, da ƙaramin ƙane.

Dalilin da ya sa ka ga memori biyu, PS2 tana karanta faifan PS1, amma ba ta yarda ta ajiye wasan PS1 a memorinta. Dole sai da na tokan nan. Yaya ya san abin da yake yi.

Autan Gwaggo:
Allah ya gafarta masa. Ni dai PES 6 ɗin nan ya tsaya mini a rai. Yaya Abban Hanifa, in baƙin ya buɗe don Allah ka duba mana Master League ɗinsa, gasar da mutum ke gina ƙungiyarsa. Ya sayar da Castolo da Minanda, 'yan wasan da ake farawa da su, ko ya bar su? Mu a layinmu akwai mai cewa wanda ya sayar da Castolo ba shi da amana, don da shi aka sha wahalar rukuni na biyu. Ivarov a raga, Valeny a baya, Ximelez da Espimas a gefe. Har yau in na rufe ido ina iya jero su.

Na Damagaram:
Gaisuwa daga Damagaram, Allah ya rahamshe shi. Autan Gwaggo, mu ma nan haka ne. Dala goma ake biya wasa ɗaya, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na baya. Namu faifan da Faransanci yake magana. Doka ɗaya ce a ɗakin: ba a ɗaukar Inter, saboda Adriano. Ƙarfin shot ɗinsa 99, daga tsakiyar fili yake ɗaga raga. In mutum biyu suka nace sai mai ɗakin ya ce kowa ya ɗauki wata.

Tsohon Ɗan Wasa:
Ku yara ne. Kafin Adriano akwai Tijjani Babangida a Winning Eleven na PS1. Ɗan Kaduna ne, yana Ajax a lokacin, yana cikin waɗanda suka ɗauko zinare a Atlanta a 1996, shi ya ci mana ƙwallo ɗaya tilo ranar da Denmark ta yi mana 4 da 1 a Faransa a 1998. A cikin gem kuwa in ka zura masa ƙwallo ta gefen dama ka danne maɓallin gudu, ba mai tarar sa. Abin da ya sa muke ji da shi, har yaran Japan da Brazil sun san sunan nan ta dalilin gem ɗin. Bahaushe ne a cikin na'ura, muna zaune a Unguwar Sanusi muna juya shi. Wannan daɗin ban sake jin irinsa ba.

Kafin nan kuma akwai na'ura mai kaset rawaya da ake rubuta 9999999 a 1, ka kunna ka tarar gem ɗin bai fi goma ba, sauran maimaici ne. Mario, Contra, tankar yaƙi, harbin agwagwa da bindigar roba. In ya ƙi kamawa a ciro kaset a hura masa iska. Adafta ta yi zafi a ɗora ta kan randa. Sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, Contra ya ba ka rai talatin. Wayar gida ban haddace ba, wannan na haddace.

Abban Hanifa:
Na gode ƙwarai, amin ga addu'o'inku. Ɗan Zazzau, sunan nan Elli kamar na taɓa ganinsa a allon. Amma tambayata ta biyu ita ta fi damuna. Ƙwallo na gane ta, faɗa na gane shi, akwai abokin karawa, akwai ihu. Wannan kuwa shi kaɗai, cikin dare, ba mai kallo. Mene ne daɗinsa?

Ɗan Zazzau:
Bari in gwada, don ni ma na yi shekara biyu a cikinsa, amma a na Game Boy Advance, Friends of Mineral Town na 2003, gari ɗaya ne mutane ɗaya.

Ranar gem ɗin gajeruwa ce. Ka tashi shida na safe, agogo na gudu, ƙarfinka na raguwa da kowane sara na fartanya. In ka matsa wa kanka ka faɗi, ka farka a asibiti. Shekara kashi huɗu ce, kowane kashi kwana talatin, kowanne da shukarsa. Saboda haka kullum cikin zaɓi kake: in tsaya in ƙarasa ban-ruwan masara, ko in bar ta in ruga kafin a rufe asibiti? 'Yan mata biyar ne a garin, kowacce da zuciya ƙarama a gefen hotonta in kuna magana. Tana farawa baƙa, ta koma shunayya, shuɗiya, koriya, rawaya, ruwan lemo, sannan ja. Ba a tsallake. Ba abin da za ka yi yau ɗaya ta zama ja. Sai ka je, ka gaishe ta, ka kai ɗan abin da take so, ka tuna ranar haihuwarta, gobe ma ka koma. Kuma kowacce tana da wani manemin a garin. Ita Elli likitan ne. In ka yi sakaci a gabanka za a ɗaura musu aure, har a gayyace ka.

Ko zuciya ta yi ja ba a ba ka mata sai ka faɗaɗa gida. Daga nan ka sayi shuɗin gashin tsuntsu a kanti, shi ne tambayar aure a garin.

To ka ga wanda ya kai ga auren Elli ya yi aƙalla watanni yana maimaita abu ɗaya ba gajiya. Daɗinsa shi ne wuri ne da in ka yi wahala za ka ga sakamako daidai gwargwado. Ka shuka ta fito. Ka kyautata a lura. Saurayin da ya gama makaranta yana yawon neman aiki, ya dawo gida da dare ba labari, ka san abin da irin wannan wurin zai zame masa.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan mamacin, ya yafe masa, mu ma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Ban so in sa baki ba saboda maganar ta taɓa wanda ya riga mu, amma tunda an koma kan gem ɗin kansa, zan faɗi abin da ke raina.

Noman ban da ja a kansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a koya wa yaro cewa zuciyar mace ma'auni ce, ka zuba kyauta ta cika. Na ga ƙanena yana buga irinsa a waya, Stardew Valley, har da jadawali ya rubuta a littafi: wannan tana son kaza, ana ba ta sau biyu a mako, zuciya takwas a kai fure, zuciya goma a kai abin wuya. Wanda ya tashi da wannan lissafin, ranar da ya yi wa 'yar mutane hidima ta ce ba ta son sa, zai ga kamar an cuce shi ne. Muna ganin irin wannan a unguwa, saurayi ya zo yana lissafa abin da ya kashe. Ban ce gem ne ya jawo ba, amma ruwa yake ƙara wa wannan tunanin.

Sannan a shi Harvest Moon ɗin akwai wata da suke kira allahiyar girbi, ana jefa mata amfanin gona a ruwa ta fito. Akwai mashaya, akwai yarinyar da giya ce kyautar da ta fi so. Iyaye su san abin da ke ciki kafin su miƙa wa yaro.

Maman Sultan:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, ni ma ba na ba yarana komai sai na fara dubawa. Amma ta farkon ina da ja, da girmamawa.

Lissafin kyauta ba daga Japan ya zo mana ba. Toshi namu ne, kayan na-gani-ina-so namu ne, kuɗin zance, goron Sallah, kayan azumi, lefe akwati kaza. Tun kafin a kawo wutar lantarki garinmu ake auna saurayi da abin hannunsa. Ni abin da na gani a gem ɗin nan akasin haka ne. A Stardew Valley in ka kai wa mutum abu mai tsada wanda ba ya so, zuciyar raguwa take yi. Wata furen daji da ka tsinka kyauta ya fi mata komai. Wato sai ka saurara ka san wace ce ita. Wallahi Malam, mata da yawa a gidajen aurensu abin da suke nema ke nan, a san abin da suke so ba sai sun faɗa sau goma ba.

Ni ina aji uku na sakandare na fara, a na'urar yayana. Ba a barin mu zuwa gidan gem, wannan wurin maza ne, ko leƙawa ka yi sai an kai ƙararka gida. Saboda haka duk labarin Adriano da Babangida da kuke yi, mu ta taga muka ji shi. Abin da ya iso gare mu shi ne wanda ake bugawa a ɗaka shiru: macijin Nokia 3310, Bounce, The Sims a kwamfutar ofishin Baba, da wannan na gona. Ƙawayena suna karatun littattafan soyayya na haya, ni ina nawa a allo. Bambancin kawai, a littafi marubuciya ce ke zaɓa wa yarinya miji, a nan ni ke zaɓa.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Hajiya, na karɓi gyara a kan toshi, namu ne, kuma mu ma muna wa'azi a kansa. Amma ki duba, a gem in kin yi daidai dole a so ki. Na'ura ba ta da ikon ƙi. Mutum kuwa yana da shi. Nan ne tsorona yake.

Mai Japananci:
Malam, ashe ba ka haɗu da Shiori ba. Ku ba ni dama in yi tsawo kaɗan, don wannan fannin na daɗe a cikinsa.

Wanda ya haskaka wannan nau'in na gem ɗin soyayya shi ne Tokimeki Memorial, na kamfanin Konami, su dai masu Winning Eleven da Contra. Ya fito a 1994 a na'urar PC Engine, aka kai shi PlayStation a 1995. Kai ɗalibi ne, shekara uku na babbar sakandare. A makarantar akwai wata bishiya da ake cewa in yarinya ta bayyana wa yaro soyayyarta a ƙarƙashinta ranar kammala karatu, za su dawwama. Ku lura, ita ce za ta furta, ba kai ba. Kai naka shi ne ka zama mutumin da za a furta wa.

Kuma ba da kyauta ake yi ba. Kowane mako za ka zaɓi abin da za ka sa gaba: adabi, kimiyya, zane, motsa jiki, kula da tsafta da sutura, ko hutu. In ka ɗaga ɗaya wani ya sauka. In ka ƙi hutawa ka kwanta ciwo. Shiori Fujisaki maƙwabciyarka ce, tare kuka taso, amma ita ta fi kowa wuya, don sai ka yi fice a kusan komai. A farkon wasa ko rakiya gida ka nema takan ƙi, wai kada ƙawaye su yi gulma. Mutane da yawa sun yi shekara ukun nan cur suna ƙoƙari, ranar ƙarshe suka je ba kowa a gindin bishiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne bom. Duk yarinyar da kuka saba, in ka yi watsi da ita, ba kira ba gaisuwa, sai alamar bom ta fito a gefen sunanta. In ya fashe, labari ya zaga makaranta cewa ka wulaƙanta wance, duk sauran su juya maka baya, har wadda kake so. Akwai abokinka Yoshio da kake bugawa waya ya gaya maka wa ke fushi da kai. Da na fara ganin wannan sai na tuna unguwarmu. Ka ɓata wa yarinya ɗaya a layi, kafin Juma'a duk gidajen sun ji, ranar da iyayenka suka je tambaya a wani gidan a ce a dakata a yi bincike. Mutanen da suka tsara gem ɗin nan sun san cewa neman aure ba tsakanin mutum biyu kaɗai yake ba.

A shekarar 1994 ɗin dai kamfanin Koei ya fitar da Angelique, wanda mata suka tsara domin mata, yarinya ce ke zaɓa cikin samari. Daga shi nau'in da suke kira otome ya samo asali. Maman Sultan, naku ya girmi PS2.

Ummu Aiman:
Ni kuma zan goyi bayan Malam, amma ta wata fuskar, don abin ya faru da ni. Ina jami'a aji biyu ƙawata ta sa mini Mystic Messenger, na wani kamfanin Koriya ta Kudu, 2016 ya fito. Shi ba gona ba makaranta, kamar manhajar hira yake. Samarin ciki suna turo saƙo, suna kiran waya da murya, kuma da agogon gaske yake tafiya, kwana goma sha ɗaya. Hira takan buɗe ƙarfe uku na dare. In kin makara ta wuce, sai dai ki biya da wani abu mai kamar agogon yashi, wanda in ya ƙare da kuɗi ake saye.

Na sa ƙararrawa saboda shi. Na tashi uku na dare saboda saƙon mutumin da babu shi, na koma barci, asuba ta wuce ni. Ranar da na ankara ita ce ranar da mahaifiyata ta kira ni ina tsakiyar hirar, na katse kiranta don kada ta wuce. Da na ajiye wayar sai jikina ya yi sanyi. A daren na goge shi.

Ba labarin ne matsala ba, labarin yana da kyau har kuka na yi. Matsalar ita ce an gina shi ne ya riƙe ki. Na yanzu ma sun fi, irin su Love and Deepspace da ya fito a 2024, sai ki yi ta zuba kuɗi kina jan ƙuri'a ko za ki dace da hoton da kike so. Wannan da na Yayan Abban Hanifa ba ɗaya ba ne. Shi ya sayi faifai sau ɗaya, gonarsa tana jiransa, in ya yi wata bai kunna ba ba abin da zai same ta.

Maman Sultan:
Ummu Aiman, wannan gaskiya ne 'yar uwa, kuma na gode da kika faɗa. Wanda ke jiranki daban, wanda ke kiranki daban. Ni ma na waya ba na barin su kwana a hannun 'yata.

Mai Japananci:
Haka ne. Ko a Japan abin ya taɓa wuce gona da iri. LovePlus na Nintendo DS da ya fito a 2009, shi ma da agogon gaske yake aiki, a shekarar har wani ya shirya bikin aure da yarinyar cikinsa, duniya ta yi ta magana. Kuma ina gargaɗin iyaye da Doki Doki Literature Club na 2017. Kyauta ne, hotonsa kamar na yara, amma na tsoro ne, akwai kisan kai a ciki, su kansu sun rubuta gargaɗi a farkonsa. Kada a bar wa yaro.

Autan Gwaggo:
Ni fa duk wannan bayanin ya sa na gane mu ma mun buga irin gem ɗin soyayyar nan ba mu sani ba. A GTA San Andreas ba CJ yana kai budurwarsa Denise cin abinci ba, ma'auni yana hawa? Kuma a Final Fantasy VII akwai daren da ɗaya daga cikin abokan tafiyarka za ta ƙwanƙwasa maka ƙofa ku fita yawo a wurin shaƙatawa na Gold Saucer, ashe tun farkon wasa na'urar tana ƙirga amsoshinka a ɓoye. Ni Aerith ce ta zo mini. Abin da ya same ta daga baya, na yi kwana biyu ban kunna ba.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Mai Japananci, na ji, kuma batun bom ɗin ya ba ni mamaki, ban san akwai wanda ake ƙin mutum a ciki ba. Ina nan kan bakana cewa yaro yana buƙatar babba a kusa da zai gaya masa mace ba lissafi ba ce. Amma Abban Hanifa, kada maganata ta sa ka ji wani abu game da yayanka. Saurayin da dare ya yi masa, bai fita yawon banza ba, ya zauna a ɗaki kusa da ƙanensa yana shuka masara, ni ban ga abin zargi a nan ba. Ka yawaita yi masa addu'a da sadaka.

Mai Gyara Sabon Gari:
Abban Hanifa, tambayarka ta uku aikina ce. Memorin nan ba batir a cikinsa, saboda haka ba ya mantuwa don an ajiye shi. Na sha buɗe waɗanda suka fi naka daɗewa. Abin da ke kashe shi tsatsa ce da damshi, sai kuma in jabu ne. Ga abin da za ka kiyaye.

Kada ka hura masa iska da baki, yawu ne ke kawo tsatsa. A goge haƙoran da auduga da ɗan sifirit, a bari ya bushe. Kada ka fara sa faifai. Ka kunna na'urar ba komai a ciki, ka shiga wajen duba memori, in hotunan ajiya sun fito, kafin komai a kwafe su zuwa wani memorin. In na'ura ta tambaye ka ko ta yi masa fomat, ka ce a'a, ko sau nawa ta tambaya. Nan mutane ke yin asara.

Sannan faifan sai ya dace da ajiyar. In da na Amurka ya yi wasan, na Turai ba zai gan ta ba. Haka PES 6, ajiyarsa ba za ta buɗe a Winning Eleven 10 ba ko da kusan abu ɗaya ne. Ka duba akwatin da kyau ko faifan na nan. In babu, ka zo da memorin ranar Talata bayan La'asar, ina da PS2 mai kauri da ke aiki da faifai iri biyun. Ba sai ka biya komai ba.

Tsohon Ɗan Wasa:
Allah ya saka maka da alheri Mai Gyara. Abban Hanifa, ka dawo mana da labari.

Abban Hanifa:
'Yan uwa, na dawo daga Sabon Gari. Mai Gyara, Allah ya biya ka, ya rufe shagonsa saboda ni har Magariba.

Baƙin ya buɗe nan take. Autan Gwaggo, Castolo yana nan. Ya tsufa, yana benci, amma bai sayar da shi ba. Minanda ne babu.

Na tokan sai da aka goge shi sau uku. Da hoton ya fito Mai Gyara ya kwafe shi tukuna, sannan muka gwada faifan Amurka, ya kama. Shekara ta huɗu ce a ciki, lokacin zafi, ƙarfe shida na safe. Sunan gonar Gezawa, garin kakanmu ke nan, inda ake kai mu hutun makaranta. Shanu shida, kaji cike da akurki, masara da tumatir layi-layi an kusa girbi. Ya faɗaɗa gidan. Elli tana tsaye a ɗaki, zuciyarta ja. Yaya bai yi aure ba ya rasu, ana maganar kai kuɗinsa ne ciwon ya kwantar da shi.

Akwai jariri a gidan. Ɗan Zazzau bai gaya mini ana haihuwa a ciki ba. Na matsa kusa na danna, sunan ya fito: Danlami. Sunan da ake kirana da shi ke nan a gida, don ranar Alhamis aka haife ni, kuma tun da ya rasu ba mai kirana da shi sai Hajiya. Mai Gyara ya tashi ya ce zai je ya yi alwala, ya bar ni ni kaɗai a shagon.

Da na natsu na fita gonar. Na ɗauki butar ban-ruwa na bi layin masarar nan ɗaya bayan ɗaya har na gama, na ba shanu ciyawa, na kwashe ƙwai. Mai Gyara ya ce a littafin da ke gefen gado ake ajiyewa. Ban je wajen ba, na kashe na'urar haka nan, ranar ta koma yadda ya bar ta.

Na asalin na mayar cikin safar, na kai wa Hajiya. Kwafin yana wajena. Ɗan Zazzau, in masarar ta nuna, a ina ake kai ta a sayar? Na ga wani akwati a bakin gona amma ban taɓa shi ba.

Ɗan Zazzau:
Shi ne. Ka zuba a ciki kafin ƙarfe biyar na yamma, akwai mai zuwa ya kwasa ya biya ka. Masarar kada ka sare ta bayan girbi, tana sake yin wani goyon.